Wa ke riƙe da akalar masu bindiga?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni tsohon malamin tarihi ne, na kwashe shekara 31 ina shan ƙurar alli kafin in ajiye aiki. Maganganu biyu nake ta ji suna kai da komo a jaridarku da gidajen rediyo. Ta farko ita ce ta 'yan sandan jihohi da rundunonin tsaro da gwamnoni ke kafawa. Ta biyu ita ce rigar kariya da wasu 'yan majalisa ke nema wa shugabanninsu kusan duk lokacin da aka taso da gyaran tsarin mulki. Ana tattauna kowace daban, kamar babu abin da ya haɗa su. Ni kuwa a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma akwai ƙasar da ta riga mu gane haka da jinin mutanenta.

Abin da ya tuna mini shi ne wani bidiyo da jikana ya nuna mini a wayarsa, na buɗe majalisar Birtaniya a watan Yulin 2024. Wata mata sanye da baƙaƙen kaya, riƙe da baƙar sanda, ta taho har ƙofar majalisar wakilai da saƙon sarki. Tana isowa aka turo ƙofar aka rufe mata a fuska, garam. Sai da ta ƙwanƙwasa sau uku da sandar aka buɗe. Yaron ya yi ta dariya, ya ce, "Kaka, ashe su ma Turawan ba su da ladabi?" Na ce masa zauna. Wannan ƙofa da ka ga an rufe, ana danganta ta da abin da ya faru a ranar 4 ga Janairun 1642, kuma sarkin wancan lokaci shi ma sunansa Charles, kamar wanda ya aiko matar.

Charles na Ɗaya mutum ne da ya yi imani cewa Allah kaɗai ne zai tambaye shi yadda ya yi mulki. A 1629 ya sallami majalisa, ya shekara 11 bai sake kiranta ba. 'Yan majalisar da suka ɗaga masa murya a zaman ƙarshe ya tura su kurkuku. Sir John Eliot a can ya mutu a 1632. William Strode bai ga waje ba sai 1640. Rashin kuɗi ne ya sa sarkin ya sake kiran majalisa a wannan shekara, bayan mutanen Scotland sun yi masa tawaye. Majalisar da ta dawo ta dawo da fushin shekara 11 a cikinta. A watan Mayun 1641 ta sa aka fille kan babban mashawarcin sarki, Strafford, kuma sarkin da hannunsa ya sa hannu a takardar.

Sai ga tawaye ya ɓarke a Ireland a watan Oktoba. A nan ne asalin rigimar take, kuma nan ne ɗalibaina suka fi yin kuskure a jarrabawa. Ingila a lokacin ba ta da sojan dindindin. Abin da take da shi shi ne mayaƙan gundumomi: manoma da mahauta da masu shaguna da ake tarawa lokaci-lokaci a yi musu atisaye, a kira su in rana ta ɓaci. Kowace gunduma tana da jagoran da sarki ya naɗa ya riƙe su. In ka ce 'yan sa-kai ne da ke da izinin hukuma, ba ka yi nisa da gaskiya ba. To yanzu dole a tara runduna a tura Ireland. Tambayar ita ce, wa za a damƙa wa ita? John Pym, jagoran masu adawa da sarki, da mutanensa a majalisa sun san cewa rundunar da aka tara don Dublin tana iya juyowa ta nufi Landan. Shi ma sarkin ya san cewa in ya saki wannan iko, saura rawani kawai. A ranar 7 ga Disamba Arthur Haselrig ya gabatar da ƙudirin karɓe naɗin jagororin mayaƙa daga hannun sarki. Majalisar kanta a rabe take: makonni biyu kafin nan, doguwar takardar ƙorafe-ƙorafen da suka rubuta kan mulkin sarki da ƙyar ta tsallake, ƙuri'a 159 da 148.

Da sarki ya yi haƙuri, wataƙila da rabuwar nan ta yi masa aiki. Bai yi ba. A ranar 3 ga Janairu ya aiko antoni janar ya tuhumi 'yan majalisar wakilai biyar da cin amanar ƙasa: Pym, John Hampden, Denzil Holles, Haselrig da Strode, da kuma mutum ɗaya daga majalisar masu sarauta. Majalisa ta ƙi miƙa su. Washegari da rana sarki ya taso da kansa, da mutane wajen 400 ɗauke da takubba da bindigogi. Amma labari ya riga shi isowa, domin akwai mai kai wa Pym rahoto daga cikin fada. Aka fitar da mutanen biyar ta baya aka sa su a kwale-kwale a Kogin Thames. Strode, wanda ya san ɗanɗanon kurkuku, ya ce shi ba inda za shi, sai da aka ja shi da ƙarfi.

Sarki ya bar dakarunsa a bakin ƙofa, aka bar ƙofar a buɗe don na ciki su ga makamai. Ya shiga, ya cire hularsa, ya ce wa kakakin majalisa zai ari kujerarsa na ɗan lokaci. Ya kira sunan Pym, shiru. Ya kira Holles, shiru. Sai ya juya ga kakakin, William Lenthall, ya tambaye shi ina suke. Lenthall ba jarumi ba ne, lauya ne mai gudun rigima, kuma tarihin rayuwarsa kafin ranar da bayanta ya nuna haka. Amma ya durƙusa a gaban sarki ya ce, a wannan wuri ba shi da idon gani, ba shi da harshen magana, sai yadda majalisa ta umarce shi, domin shi bawanta ne. Sarki ya ƙare wa kujeru kallo, ya ce ya ga tsuntsayen sun tashi. Yana fita, 'yan majalisa suka bi shi da ihu suna kiran haƙƙin majalisa. Tun daga ranar babu wani sarki ko sarauniya mai ci da ya sake shiga zaman majalisar wakilai.

Duk shekarar da na zo nan a aji, yara kan tafa wa Lenthall. Ni ma ina son maganar tasa. Amma maganar ba ita ta ceci mutanen nan biyar ba. Haƙƙin majalisa yana nan a 1629, bai hana Eliot mutuwa a ɗaure ba. Abin da ya bambanta 1642 shi ne inda suka gudu. Sun shiga tsohon birnin Landan, unguwar Coleman Street, cikin 'yan kasuwa da masu sana'a. Washegari sarki ya je zauren birni ya nemi a ba shi su, aka karɓe shi da girmamawa, aka sallame shi hannu rabbana. Aka rufe shaguna. Da jita-jita ta bazu cikin dare cewa mahayan sarki na tafe, aka rufe ƙofofin gari, aka ja sarƙoƙi a tituna, maza suka fito da abin da ke hannunsu. Majalisa ta bar zaurenta ta koma zama a cikin birnin. A ranar 10 ga Janairu aka ɗora wani tsohon soja, Philip Skippon, a kan mayaƙan Landan, aka ce daga majalisa da hukumar birni zai riƙa karɓar umarni. A ranar ce sarki ya kwashi iyalinsa ya bar Landan. Washegari mutanen biyar suka dawo majalisa ta kogi, jiragen ruwa na yi musu rakiya, mayaƙan Skippon na tafiya a gaɓa, mutanen gundumar Hampden sun hawo dawaki dubbai don su mara masa baya.

Me ya sa mai shago zai rufe shagonsa saboda ɗan majalisa? Saboda Hampden shi ne mutumin da ya ƙi biyan harajin jiragen ruwa da sarki ya ƙaƙaba ba da yardar majalisa ba. Kuɗin da aka nema a wurinsa sule 20 ne, shi kuwa attajiri ne. Ya ƙi biya, ya tafi kotu, ya faɗi da alƙalai 7 a kan 5, amma duk ƙasar ta san sunansa. Ina so masu neman rigar kariya a Abuja su tsaya a nan su yi wa kansu tambaya: in an zo kama ka yau, shago nawa za a rufe a mazaɓarka?

Daga nan majalisa ta wuce kai tsaye ga maganar makamai, domin ta gane cewa kare mambobinta da riƙe mayaƙa abu ɗaya ne. Ta rubuta sunayen waɗanda take so su jagoranci mayaƙan kowace gunduma. Sarki ya ƙi sa hannu. A watan Maris 1642 majalisun biyu suka zartar da abin a matsayin umarni, suka ce doka ce ko babu hannun sarki, abin da ba a saba gani ba. Da aka bi shi Newmarket ana lallashinsa ko zai saki ikon na ɗan lokaci, ya rantse da Allah ya ce ko na awa ɗaya ba zai saki ba. A ranar 23 ga Afrilu ya je Hull, inda babban rumbun makamai yake, gwamnan da majalisa ta naɗa, Sir John Hotham, ya ɗage gadar shiga ya bar shi a waje. Sarki ya fara aika nasa takardun tara mayaƙa. Sai ya zama a gunduma ɗaya akwai umarni biyu, jagora biyu, rumbun albarushi ɗaya. A ranar 22 ga Agusta ya kafa tutar yaƙi a Nottingham.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce a ba majalisa bindiga a huta. To ba a nan ya tsaya ba, kuma sauran ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Majalisa ta ci yaƙi da sabuwar rundunar da ta kafa a 1645. Da aka gama, sai ta so ta sallami sojojin ba tare da ta biya su haƙƙinsu ba. Sojan ƙasa na bin bashin mako 18, na doki mako 43, aka yi musu tayin na mako 6, daga baya aka ce 8. Suka ƙi watsewa. A watan Yunin 1647 rundunar ta tuhumi 'yan majalisa 11, ta ce a kore su. Kun san wa ke kan gaba a jerin? Denzil Holles, ɗaya daga cikin tsuntsayen nan biyar. Wanda ya tsere wa sarki a kwale-kwale ya sake tsere wa sojan majalisa, har Faransa. An yi gudun gara an tadda zago. A ranar 6 ga Disamba 1648 wani kanar, Thomas Pride, ya tsaya a bakin ƙofar majalisa da takardar sunaye a hannu. Wanda aka ga dama ya shiga, wanda ba a so aka mayar da shi, aka tsare 45. Ragowar da aka bari su ne suka kafa kotun da ta yanke wa sarki hukunci, aka fille masa kai a ranar 30 ga Janairun 1649. Su ma ragowar, a ranar 20 ga Afrilun 1653 babban kwamandan rundunar, Oliver Cromwell, ya shigo musu da masu bindiga, ya kore su, ya sa aka ɗauke sandar majalisa yana kiranta abin wasa. Kakakin da aka sauko da shi daga kujera ranar, Lenthall ne dai. Abin da sarki ya kasa yi da mutum 400, rundunar majalisa ta yi shi cikin ruwan sanyi.

Bayan an dawo da sarauta a 1660, majalisa da kanta ta yi doka a 1661 ta mayar wa sarki ikon mayaƙa gaba ɗaya. An sha wuya an koma gidan jiya. Sai a 1689 suka samo dabarar da ta zaunar da su. Suka bar wa sarki da ministocinsa jagorancin runduna, amma suka rubuta cewa haramun ne a ajiye soja a lokacin zaman lafiya ba da yardar majalisa ba, kuma ba a tuhumar ɗan majalisa a wata kotu kan abin da ya faɗa a zaure. Dokar ladabtar da soja kuma suka yi ta da wa'adi, in ba a sabunta ba ta mutu. Har yau haka suke: dokar rundunonin Birtaniya sai an sake ta duk shekara 5, kuma a tsakani kowace shekara sai majalisa ta amince a ci gaba da aiki da ita. Wato ba su riƙe takobin ba, sun riƙe kuben da kuɗin wasa shi.

Ba na cewa Najeriya Ingila ce. Amma mun ga 'yan uwan waɗannan ranaku da idonmu. A ranar 20 ga Nuwamban 2014 'yan sanda sun rufe ƙofar majalisar tarayya don hana kakaki Aminu Waziri Tambuwal shiga, aka harba hayaƙi mai sa hawaye, muka ga manyan mutane da manyan riguna suna haura katanga. A ranar 7 ga Agustan 2018 jami'an DSS da fuskoki a rufe suka tare ƙofar, wata 'yar majalisa, Boma Goodhead, ta tsaya gabansu tana cewa su harbe ta. A ranar muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sallami shugaban DSS, Lawal Daura. An yaba masa, kuma ya cancanta. Amma a lura: ɓangaren zartarwa ne ya tare ƙofar, ɓangaren zartarwa ne ya buɗe ta. Da wani ne a kujerar ranar, wace doka majalisa ta tanada da za ta buɗe wa kanta? Lokaci guda da na ga majalisa ta taɓa akalar da gaske shi ne Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, da majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja ta ce a bi hanyar sulhu. Sashe na 5 na tsarin mulki ya ce ba a tura sojanmu yaƙi waje sai da yardarta. Mu da muke da dangi a Maraɗi da Damagaram mun san darajar wannan layi guda na doka.

Damuwata ta fi yawa a jihohi. A Edo an yaye rufin majalisa a 2020. A Ribas an rushe ginin majalisa a Disambar 2023. A wurare da dama gwamna kan aiko da ƙudiri da safe a zartar kafin azahar. A irin wannan hali ne ake kafa rundunoni: Amotekun a Kudu maso Yamma a 2020, ta Katsina a Oktoban 2023, Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Ban ce kada a kafa ba. Wanda ya taɓa kwana a daji da 'ya'yansa saboda 'yan bindiga ba zai tsaya jin lacca a kan 1642 ba, kuma ni ma na yi jana'izar mutanen da na sani. Tambayata ita ce ta Pym: rundunar da aka tara don daji, me zai hana ta juyo cikin gari ranar zaɓe?

Kwanakin baya ina dawowa daga ƙauyenmu da yamma, aka tsayar da motarmu a shingen 'yan sa-kai, itace ne aka gitta a kan duro biyu. Wani ya leƙo ta taga da bindigar toka a kafaɗa, an naɗe gindinta da robar taya, layu sun cika masa damtse. Muna haɗa ido ya cire hula ya rusuna, ya ce, "Malam, barka da hanya." Ɗalibina ne, yana zama a layi na biyu kusa da taga, mai kyan rubutu. Na sauka muka gaisa. Na tambaye shi wa ke ba su umarni. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wanda ya kawo mai da abinci." Na ce alawus fa? Ya ƙirga da yatsunsa, ya tsaya a huɗu, ya ce rabonsu da shi ke nan. Bai yi ƙorafi ba, ya ma hana direba ba shi komai saboda ni. Amma har muka iso gida ina tuna mako 43 ɗin nan. Yaron kirki ne. Sojojin Cromwell ma da yawansu mutanen kirki ne masu ibada.

Don haka ga abin da nake roƙon 'yan majalisun jihohinmu, da na tarayya in sun zo kan maganar 'yan sandan jihohi. Duk dokar da za ta ba mutum bindiga da sunan jiha, a sa mata wa'adi, ta mutu da kanta in majalisa ba ta zauna a bainar jama'a ta sabunta ta ba. Kwamanda kada ya kama aiki sai majalisa ta tantance shi, kuma kada gwamna ya iya cire shi shi kaɗai da sanarwar rediyo. Albashin yaran nan ya fito a kasafin kuɗi ƙarara, da adadinsu da abin da kowa ke karɓa, kada ya fito daga kuɗin tsaron da ba a binciken yadda aka kashe su, kada kuma ya fito daga aljihun wani ɗan siyasa. A rubuta cewa ba su da hurumi a harabar majalisa, ko rumfar zaɓe, ko taron jam'iyya, kuma wanda ya ba da irin wannan umarni shi za a fara tuhuma. Game da rigar kariya kuwa, dokar haƙƙoƙin majalisu ta 2017 ta riga ta kare ɗan majalisa kan abin da ya faɗa a zaure, kuma wannan ita ce kariyar da Eliot ya mutu a kanta. Kariya daga binciken kuɗin kwangila wani abu ne daban, ban ga inda Pym ko Hampden suka neme ta ba.

Ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu shi ma ya bi ta ajina, ko da yake a layin baya yake zama. Na aika masa da kwafin wannan wasiƙa ta hannun direbansa. Na kuma haɗa masa da tambaya ɗaya a ƙasan takardar, da jan biro kamar yadda ya saba gani: dokar da kuka zartar kan rundunar tsaro, shafi nawa ce, kuma ka karanta ta kafin ka ce "na amince"? Ina jiran amsarsa, in ta zo zan turo muku.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, mai karanta jaridarku kullum.